Meskal ɗin da Aka Ce a Zubar

San Isidro Peñasco,
Sola de Vega, Oaxaca.
14 ga Fabrairu.

Zuwa ga 'yata Otilia,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fidencio da jikokina Yaretzi da Ulises. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya ba ki ƙarfin baya da na gwiwa a wannan aikin gonar inabi, Budurwa Maryamu ta lulluɓe ku da mayafinta. Mu nan muna lafiya, gwargwadon lafiyar gidan da aka yi rashi. Maganin ƙafa da kika aiko ya iso, kuma yana yi mini aiki, yanzu ina hawa tudun coci ba tare da na tsaya sau uku ba. Matar yayanki Abundio cikinta ya tsufa, ana sa ran haihuwa kafin Ista. Gwaggonki Ausencia ta cire haƙora biyu, amma bakinta bai rage magana ba ko kaɗan. An yi addu'ar kwana tara ta babanki lafiya, an ɗauke gicciye an kai makabarta. Mutane sun zo har daga ƙauyukan bayan dutse, muka yanka talotalo uku, miyar mole ta ishi kowa. An tambaye ki, na ce musu hanya ce ba ta yiwu ba, kuma kowa ya fahimta, don babu gidan da ba shi da nasa a can.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, ni da aji uku kawai na yi, kuma ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne maganar da nake so in yi ba ta fita a waya. Sau nawa na ɗauki waya da niyyar faɗa miki, da na ji muryarki sai in kama tambayar makarantar yara. Ke ma haka, shekara goma sha biyu muna gaisawa kamar maƙwabta masu mutunci. Don haka na sayi takarda, na zauna a ƙofar ɗakin girki da hantsi, kwana uku ke nan ina rubutawa ina sharewa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kin san ranar da nake nufi, amma zan faɗe ta yadda ni na gan ta, don akwai abin da ba ki sani ba. Shekarar da babanki Crisóforo, Chóforo a bakin gari, ya faɗo daga kan dutse wajen saran magey na daji, tsiron da muke dafa giyar meskal da shi, ya karya ƙafa ya bugi kai, an riga an gasa magey ɗin a rami, an daka, yana cikin tsima. Magey ɗin tobala ne zalla, irin wanda ya yi shekara goma sha biyar yana girma a tsagin duwatsu, kuma ba zai jira ƙafar kowa ta warke ba. Abundio yana Puebla a lokacin. Ke ce kika ɗaura zani kika shiga rumfar dahuwa, kika hura wuta ƙarƙashin tukwanen ƙasa, kika yi kwana shida ba ki zauna kin ci abinci a faranti ba. Ina kai miki tortiyar masara da wake a can, kina ci a tsaye, ido na kan bakin kara inda meskal ke ɗiga. Tun kina 'yar shekara bakwai kike bin sa rumfar nan, duk da matan gari suna cewa mace ba ta kusantar tsimi. Da kika gama kika cika ƙatuwar kwalbar gilashin nan, kika toshe bakinta da totuwar masara, fuskarki baƙi ƙirin da hayaƙi, kina dariya ke kaɗai.

Ranar da babanki ya fara takawa da sanda, ya ce a kira mutane. Maza biyar suka zo da la'asar, har da ubanki na baftisma, Don Eleuterio. Kin san al'ada, ba wanda ke kai ƙoƙo baki kafin mai rumfa. Ya zuƙa da kara ya saki cikin ƙoƙo, kumfa ta tashi manya-manya ta daɗe ba ta fashe ba, har Don Eleuterio ya ce, "Kai, Chóforo, ka ga kumfa? Sai ka koma ka kwanta abinka, yarinya ta karɓe rumfa." Kowa ya yi dariya. Babanki ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya daɗe. Sannan ya tofar a ƙasa. Ya ce ta ƙone, ya ce tana warin ruɓa, ya ce abin da ake samu ke nan in mace ta taɓa tsimi. Don Eleuterio ya miƙa hannu zai karɓi ƙoƙon, babanki ya doke hannun, ya ce ba za a ce a rumfarsa aka ba baƙo guba ba, gobe a zubar da ita a kwari. Kika juyo wurina a gaban mutane kika ce, "Mama, ki ɗanɗana ki faɗa." Ni kuma na dubi ƙasa na ce miki, "Babanki ya fi mu sani." Wata bai cika ba kika ɗauki jaka kika bi masu ƙetare iyaka zuwa arewa neman aiki.

To ga abin da ba ki sani ba. Tun faɗuwar nan babanki bai ƙara jin ƙamshin komai ba, bai ƙara jin ɗanɗanon komai ba, har ya koma ga Allah. Kuma ni na sani tun kafin ranar. Yana kwance na taɓa ƙona wake, warin ya cika gida har Ausencia ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ɗaki ne ya kama, shi kuwa ya cinye tas bai ce uffan ba, mutumin da a da in gishiri ya ɗara kaɗan sai an ji har titi. Washegari na gwada shi, na dama masa kunun masara na zuba gishiri maimakon sukari. Ya sha rabi, sai ya ga yadda nake kallonsa. Ya ajiye kofin ya ce, "Kin gane ko?" Na ce na gane. Ya ce komai a bakinsa ruwan ɗumi ne. Ya kama hannuna ya ce, "Melinda, in wani ya ji wannan, na gama a garin nan. Mai dafa meskal da ba shi da hanci, wa zai ƙara taka ƙofarsa?" Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Na rantse masa ba wanda zai ji daga bakina.

Saboda haka lokacin da ya riƙe meskal ɗinki a baki, na san ba ya jin komai sai zafi. Maza biyar sun zuba masa ido suna jira ya faɗi abin da ke ciki, kamar yadda ya saba, ya ce wannan daga gefen dutse na gabas aka saro, wannan itacen gashin bai bushe ba. Ba shi da abin faɗa. Ga kuma dariyar da aka yi masa. Sai ya zaɓi hanyar da ba wanda zai ɗanɗana bayansa ya kama shi. Na ga duk wannan yana faruwa a fuskarsa, ɗaya bayan ɗaya. Da na miƙa hannu na karɓi ƙoƙon nan, da na kurɓa na ce, "Chóforo, magungunan asibiti ne suka ɓata maka baki, sake gwadawa wani makon," da shi ya tsira da mutuncinsa, ke kin tsira da naki. Wannan maganar ta zo mini, amma bayan kwana biyu, ina wanke-wanke. A lokacin da kike buƙatata ban ga hanya ba sai biyu, ko mijina ko 'yata, na kuwa zaɓa. Na ce a raina ke yarinya ce, za ki huce. Ban san irin zuciyarsa gare ki ba.

Da kina shirin tafiya na roƙe shi ya kira ki ya gaya miki gaskiya. Ya ce gobe. Ranar da motar ɗaukarki ta zo ya ɗaura wa alfadari sirdi tun da safe ya hau dutse, da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Daga baya, duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya tashi ya fita. Ni ma na gaji na daina, kuma wannan ma laifina ne. Ya ci gaba da dahuwa da ido da kunne da sabo, yana duba kumfa, yana sauraren tafasar tukunya. Meskal ɗin ba ta lalace ba, amma ba ta ƙara zama wadda ake tahowa daga Oaxaca dominta ba. Mutane suka ce tsufa ne. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya ambace ki a gadon mutuwa ba. Maganarsa ta ƙarshe a kan alfadari ce, wai a ba shi ruwa.

Washegarin addu'ar kwana tara, da hantsi, ina share tsakar gida sai ga Don Eleuterio da sandarsa, yana haki. Ya kira ni yadda uban baftisma ke kiran uwar 'yarsa, ya ce, "Komadre, ɗauko mayafinki ki kira Abundio. Tsohon gardamammen nan ya bar mini kaya a wuya, ni kuwa ba zan kai shi kabari ba, nawa zunuban ma sun ishe ni ɗauka." Muka gangara rumfa. Ya sa Abundio ya kwashe itacen da ke jibge bayan tukwane, ya ɗaga wasu allunan katako. Akwai rami a wurin, wanda ban taɓa sanin da shi ba, ni da na yi shekara arba'in da ɗaya a gidan nan. A ciki ga kwalbarki, an naɗe ta da buhuna, an ɗaure da igiya. A jikin gilashin an rubuta da farin fenti, da hannun nan nasa mai karkata: Ta Otilia. Abin da ya rage a ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Na zauna a kan kututture. Na ce to wa ya sha sauran, tunda shi ba ya jin komai? Don Eleuterio ya buga ƙirji ya ce, "Ga ɓarawon a gabanki." Ashe mako guda bayan tafiyarki babanki ya kira shi rumfa, ya zuba masa a ƙoƙo bai ce masa ko ta wa ce ba, ya ce ya sha ya faɗa masa abin da ya ji. Ya ce da ya kurɓa sai da ya cire hula. Ya ce masa, "Chóforo, shekara talatin ina shan taka, ba ka taɓa dafa irin wannan ba. Ta wa ce wannan?" Sai babanki ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu, ya gaya masa komai. Don Eleuterio ya ce ya zage shi zagin da bai taɓa yi wa ɗan adam ba, ya kira shi jaki, ya ce ya tashi yanzu ya nemi inda kike. Babanki ya ce masa gobe. Shi ma ya rantsar da shi kamar yadda ya rantsar da ni, kowannenmu yana zaton shi kaɗai ya sani.

Daga nan abin ya zama musu al'ada. Duk ranar haihuwarki, da ranar tunawa da matattu, da duk lokacin da kika yi waya ya ƙi karɓa, sai ya aika a kira Don Eleuterio. Ya zuba masa ƙoƙo ɗaya, ya zauna a gabansa ya ce, "Faɗa mini abin da ke ciki. A hankali, kada ka haɗiye kamar kare." Shi kuma ya yi ta faɗa, babanki ya rufe ido yana gyaɗa kai. Don Eleuterio ya ce da shekaru suka yi yawa kalmomi suka ƙare masa, wata rana ya ce yana jin ƙamshin mangwaro. Babanki ya buɗe ido ya ce, "Maƙaryacin banza, ina mangwaro a kan dutsen nan? Sake sha, ka faɗi gaskiya." Yana ba mu labarin yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni ban yi dariya ba. Na ce masa, "Kompadre, kai da ka riƙe ta a coci, shekara goma sha biyu kana shan guminta, ba ka iya ɗaukar waya ba?" Ya ce, "Ke fa, komadre?"

Shi ya zuba mini. Na ɗiga kaɗan a ƙasa saboda mamacin, na shafa kaɗan a tafin hannu na shinshina, sannan na kurɓa. Otilia, ni ba gwanar bayani ba ce kamar su, amma 'yar mai dahuwa ce ni kuma matar mai dahuwa, na san abin da ke bakina. Da farko hayaƙi ne ɗan kaɗan, ba mai shaƙewa ba, kamar na murhun da aka kashe tun safe. Sai zaƙi ya biyo, irin na kabewar da aka gasa har gefenta ya yi duhu. Bayansa akwai wani abu mai sanyi kamar ganyen na'ana'a, da ɗanɗanon tukunyar ƙasa sabuwa in an zuba mata ruwa. Ba ta ƙona maƙogwaro, sauka take a hankali, sai ta kai ƙirji sannan ɗumin ya buɗe. Na daɗe da haɗiyewa tana nan a bakina tana canzawa. Babu ƙuna a cikinta, babu ruɓa, babu abin da mutum zai nuna ya ce nan aka yi kuskure. Wannan ce kurɓar da kika roƙe ni in yi, na yi ta bayan shekara goma sha biyu, a rumfar da ba ke ba shi. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Abundio ya sha nasa ya ce, "Ashe wahalar banza nake yi." Kin san shi, ba mai hassada ba ne. Ya ce tun da ya dawo ya karɓi wuta yake jin akwai abin da ba ya kaiwa, yana tambayar babanku, shi kuma ba ya iya nuna masa. Ya ce in gaya miki rumfar taki ce duk ranar da kika so, shi zai yi miki saran magey da daka. Na faɗa miki ne don ya ce in faɗa. Na san yadda takardunku na zama a can suke, na san in kin fito ba lallai ki iya komawa wurin 'ya'yanki ba, kuma ba zan roƙe ki abin da zai raba wata uwa da nata ba.

Kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na yanke shawara. Cikin maza biyar da suka tsaya a rumfa ranar nan, uku sun rasu: Don Melquiades, da Nabor mai shago, da ƙanin babanki Silvano. Saura Don Eleuterio da Don Ponciano, wanda yanzu sai an yi masa ihu a kunne. Ranar Lahadi bayan coci na gayyace su, na gayyaci matan waɗanda suka rasu, da Ausencia, don na san abin da ya shiga kunnenta ya shiga kunnen gari. Na yanka lemo, na soya fara, na jera ƙoƙuna. Da kowa ya kurɓa na bar su suka gama yabo. Don Ponciano ya ce, da ƙarfi kamar yadda kurame ke yi, "Allah ya ji ƙan Chóforo, ashe ya ɓoye mai kyan!" Sai na miƙe na ce ba tasa ba ce. Na ce wannan ce wadda aka tofar a gabanku aka ce ta ruɓe, 'yata Otilia ce ta dafa ta ita kaɗai. Na ce mijina bai ji ɗanɗanonta ba ranar, don ba ya jin ɗanɗanon komai, kuma ni na sani na rufe bakina. Sai da na maimaita sau biyu a kunnen Don Ponciano. Ya dubi ƙoƙonsa ya ce shi ma ya ga kumfar nan a ranar, ya san kumfar ruɓaɓɓiya ba ta haka, amma wa zai ƙaryata mutum a rumfarsa? Matar Silvano ta tashi ta fita, ta ce ban bari ƙasar kabari ta bushe ba na tona wa mijina asiri. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Wataƙila tana da gaskiya. Na karya rantsuwar da na yi masa, kuma na je kabarinsa na gaya masa na karya.

Ban ji sauƙin da na zata zan ji ba. Mutum uku sun tafi da sanin cewa kin ɓata tobala na shekara goma sha biyar, ba kuma yadda zan bi su in gyara. Yaretzi ta kai shekara tara ban taɓa kitse mata kai ba. Hannun da ya dafa wannan abu yana can yana tsinkar inabin wasu. Duk wannan ba kwalba ɗaya ce za ta mayar da shi ba, na sani.

Surukin Ausencia, Eustorgio, wanda ke kai wa mutane saƙo Fresno inda kuke, zai tashi ranar ashirin da biyar. Na ba shi kwalba ƙarama, na naɗe ta cikin rigar sanyin babanki, tare da cakulan da na niƙa da busasshen barkono. Na gargaɗe shi in ya kuskura ya buɗe, Ausencia za ta ji. Sauran na mayar rami, ba wanda zai ƙara taɓawa, har Don Eleuterio, duk da ya ce zaluntar tsoho ce. Ba na neman ki ce kin yafe mini don kawai ni uwarki ce kuma na tsufa. In ba ki yafe ba, ki faɗa mini haka, zan ɗauka. In kin ga dama ki yi shiru, shi ma zan ɗauka, ni na koya miki.

Ki gaishe mini da Fidencio, ki ce ina godiya da yadda yake riƙe da ke. Ki sumbaci Yaretzi da Ulises, ki ce kakarsu tana da hotonsu kusa da kyandir. Abundio da matarsa Leocadia suna gaishe ku, gwaggonki Ausencia tana gaishe ku, ta ce har yanzu tana jiran takalman da kika yi mata alkawari. Don Eleuterio ya ce in gaishe ki, amma ya ce shi kunya ba za ta bar shi ya yi miki magana ba sai kin fara.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki 'ya'yan da za su same ki tsaye a bayansu ranar da suka juyo suna nemanki.

Mahaifiyarki,
Hermelinda.